Ciwon marar da ke kayar da mace duk wata: fashin baƙi kan endometiriyosis

A Katsina in aka ce yarinya na kwance da ciwon mara ba wanda hankalinsa ke tashi, ai kowa ya sani, wata ne ya yi. A dafa mata ruwan citta da kanumfari ko a jiƙa jar kanwa, in ya ƙi a aiki yaro kyamis ya karɓo Feldene, in ta fara amai a kira mai allura, bayan kwana uku ta miƙe ta ɗau jaka ta koma makaranta, shi ke nan sai wani watan kuma. Kuma gaskiya ne yawancin ciwon marar al'ada ba cuta ba ne, mahaifa ce ke matsewa dan ta turo jini, kwana ɗaya ko biyu da farasitamol ko ibufurofen ya lafa.

Amma fa akwai wani iri da ba wannan ba. Wanda mace za ta yi ta birgima a tsakar ɗaki tana kiran sunan Allah gumi na keto mata, wata har suma, ciwon ya faro tun kafin jinin ya zo kuma jinin ya ɗauke shi bai tafi ba, na bana ya fi na bara, maganin da ke yi mata aiki a da yanzu ko gezau. Irin wannan sau da yawa cuta ce mai zaman kanta da likitoci ke kira endometiriyosis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da ke shekarun haihuwa suna da ita, kimanin mutum miliyan 190 ke nan a duniya. Ki ɗauki aji ɗaya na makarantar 'yan mata mai ɗalibai 50, a wannan lissafin 5 daga cikinsu ne, kuma zai yi wuya a samu ko ɗaya da aka taɓa faɗa wa sunan abin da ke damunta.

Ga yanda abin yake. Cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi da ke ƙara kauri duk wata tana jiran ciki, in cikin bai shiga ba sai ta ɓare ta fito, ita ce jinin al'ada. To a wannan cutar wani nama mai kama da wannan shimfiɗar ne ke tsirowa a wajen mahaifa, a kan gidan ƙwai, ko hanyoyin da ƙwai ke bi, ko can baya tsakanin mahaifa da dubura, ko jikin mafitsara da hanji, ko a siririyar fatar da ta lulluɓe cikin mara. Sinadarin istirojin da ke juya al'ada shi ma yana juya wannan naman, in wata ya yi sai ya kumbura ya yi jini, sai dai nasa jinin ba shi da ƙofar fita. Nan zai zauna ya hura wurin, ya warke da tabo, wata mai zuwa a maimaita, shekara da shekaru a haka har kayan ciki su fara mannewa da juna, gidan ƙwai ya liƙe a bayan mahaifa, hanji ya liƙe a inda ba wurinsa ba, duk motsi ya zama ciwo. A gidan ƙwai tsohon jinin kan taru ya zama ƙullutu mai kauri baƙi-baƙi, shi ne ake ce wa ƙullutun cakulan saboda kalarsa. Akwai kuma mai nutsewa can cikin nama, shi ya fi wuyar sha'ani, dan yana iya kama hanji ko ya shaƙe bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ƙodar ta yi ta lalacewa shiru ba a ankara ba.

Likitoci sun kasa cutar mataki 4 gwargwadon yaɗuwarta, amma matakin ba shi ne ma'aunin azaba ba. Wata ɗigo-ɗigo ne kawai a cikinta amma ba ta iya miƙewa, wata kuma cikinta duk ya manne ba ta taɓa jin komi ba sai da aka shiga neman haihuwa aka gano.

Bayan ciwon al'adar, alamun da ya kamata su sa a tsaya a duba su ne zafi lokacin bayan gida ko fitsari musamman in ana al'ada, wani lokacin har da jini, ciwon ƙugu da ke sauka cinya, kumburin ciki kamar mai ƙaramin ciki, zawo ko taurin bayan gida da ke bin wata, jini mai yawa, da gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Akwai ma waɗanda ba a cika gani ba, cibiya ta riƙa kumbura tana fitar da jini duk wata, ko tabon aikin haihuwa ya yi ƙullutu mai ciwo lokacin al'ada, ko ciwon ƙirji da kafaɗa da sarƙewar numfashi da ke zuwa tare da jinin. Duk abin da ke zuwa da wata ya tafi da wata, a faɗa wa likita haka ɗin, dan wannan bin watan shi ne babbar shaida.

Sai wadda ba a son faɗa, zafi lokacin kwanciyar aure, zafi ne na can ciki wanda kan ci gaba har bayan an gama. Wannan alamar ta kashe aure ba adadi wallahi. Amarya ta fara ja da baya, ango ya ɗauka ƙi ne, ya kai ƙara wurin goggo, a zaunar da ita a yi mata wa'azin tsinuwar mala'iku, a haɗo mata kayan mata da na matsi waɗanda ba abin da za su ƙara sai zafi, ita kuma kunya ta hana ta buɗe baki ta ce Inna ciwo nake ji. In aka shekara biyu ba ɓatan wata sai maganar ta koma juya ce, a fara shirin ƙaro wata. Ni a ganina mazan ne ma suka fi buƙatar sanin wannan cutar, dan macen da ke runtse ido tana cije leɓe ba raini take yi ba, rauni ne a cikinta ake taɓawa.

Kwanaki ɗiyar wata maƙwabciyarmu ta shigo da baƙar leda ta zazzage a gabana, katunan asibiti ne da takardun sikanin da kwalayen magani, wasu har sun yi ja dan tsufa. Ta ce "Anti duba min dan Allah, duk inda na je infekshan ne, na sha na sha har bakina ya daina jin ɗanɗano, maigidan ma an ba shi ya sha, an yi min allurai har ba na iya zama, amma wata na yi kamar ban sha komi ba." Na ɗaga takardun sikanin ɗaya bayan ɗaya, kusan duk abu ɗaya aka rubuta, ba a ga komi ba, ko kuma ɗan ruwa a bayan mahaifa. Daga nan ne aka ce na jinnu ne, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Addu'a kam ba mai hana ta, mu duka da ita muke rayuwa, amma a duk wannan yawon ba wanda ya tambaye ta ko ciwon na bin al'adarta, ko tana jin zafi a bayan gida, tambayoyin da ba su kai minti biyar ba.

Wannan jinkirin ba a nan kaɗai ba ne, ko a Ingila da suke da kayan aiki binciken da ake yi na nuna mace kan kwashe wajen shekara 7 zuwa 8 ko fiye daga fara ciwo zuwa a gano cutar. Mu kuma namu ya haɗu da wasu abubuwan. Na farko duk ciwon marar matar aure sunansa sanyi ko infekshan, alhali endometiriyosis ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, ba a ɗaukar ta a banɗaki, ba a ɗaukar ta wurin miji ko kishiya, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba ya yi mata komi. Sannan an daɗe ana koyar da cewa cutar matan Turawa ce masu jinkirin aure, baƙar mace ba ta cika yi ba, wanda ba haka ba ne, rashin kayan dubawa ne ya sa ba a gani. Wani bincike da aka yi a Ibadan aka wallafa a 2015 ya samu cutar a jikin kusan rabin matan da aka leƙa cikinsu da kyamara saboda matsalolin mata. Ba wai rabin matan gari ba fa, rabin waɗanda matsala ta kai su har ɗakin tiyata, amma dai ya isa ya rushe waccan maganar.

Mi ke kawo ta? Bayanin da ya fi shahara na wani likitan Amurka ne, John Sampson, tun 1927, cewa wani ɓangare na jinin al'ada kan koma da baya ta hanyoyin ƙwai ya zube cikin mara ya kama. Sai dai daga baya an gano wannan komawar tana faruwa ga mafi yawan mata kuma jikinsu na share ta, dan haka dole akwai ƙarin wani abu, yanayin garkuwar jiki da kuma gado. Wadda uwarta ko yayarta ke da ita ta fi shiga haɗari, haka wadda ta fara al'ada da wuri ko take yin jini mai yawa na kwanaki da yawa. Wato maganar da iyaye ke yi ta "nima haka na yi, gadon gidanmu ne" dalili ne na zuwa asibiti da wuri. Ba shan sanyi ko zaƙi ke kawo ta ba, ba rashin tsafta ba ne, ba kuma ciwon daji ba ne.

Wajen ganowa, abu na farko labari ne, likitan da zai zauna ya saurara. Sai gwajin hannu, sai sikanin. Sikanin na ta gaba ya fi na kan ciki gani nesa ba kusa ba, yana kama ƙullutun cakulan, a hannun gwani har mai nutsewar ma, budurwa kuma ba dole sai ta gaba ba, ana yi mata ta kan ciki ko a tura ta hoton MRI, iyaye su kwantar da hankali a kan wannan. Abin riƙewa shi ne sikanin da ya fito lafiya bai wanke mace daga cutar ba, dan ɗigo-ɗigon da ke kan fatar cikin mara ba ya fitowa a hoto. Babu kuma gwajin jinin da ke tabbatar da ita. Mai nuna ta ƙiri-ƙiri shi ne lafaroskofi, a sa mace barci a huda ƙaramar ƙofa ta cibiya a zura kyamara, in an gani a cire a aika gwaji. A da sai an yi wannan ake fara magani, amma ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta fitar a 2022 sun yarda a fara magani bisa alamu da hoto ba sai an jira tiyata ba, kuma wannan sauƙi ne babba gare mu da kuɗin aikin da nisan wurin yin sa ke hana mutane. Mai irin waɗannan alamun ta nemi ganin likitan mata takanas, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'adua, na Daura da kewaye akwai cibiyar lafiya ta tarayya a can, in abin ya fi ƙarfin nan akwai asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya.

Maganar magani kuma, gara a faɗi gaskiya tun farko, har yanzu babu maganin da ke warkar da ita kwata-kwata, duk mai tallar kwalba a Facebook ko TikTok da ya ce wanke mahaifa na kwana bakwai zai raba ki da ita kuɗinki yake so. Amma ana sarrafa ta sosai, mata da yawa sun koma karatu da kasuwanci da zaman aurensu lafiya. Kuma tambayar da ke raba hanya guda ce, yanzu-yanzu ciwon ake son kashewa ko ciki ake nema? Dan magungunan da suka fi kashe ciwon suna hana ɗaukar ciki muddin ana kan su.

In ciwon ne, ana farawa da irin su ibufurofen ko naforoksen ko Ponstan, kuma sun fi aiki in an fara su kwana ɗaya kafin jinin ko da zarar an ji alamarsa, ba sai an kai ga birgima ba. A sha bayan an ci abinci, kada a haɗa biyu masu iri ɗaya, mai olsa ko ciwon ƙoda ko asma ta tambayi likita tukun, dan 'yan mata nawa ne Feldene a kan yunwa ya bar su da gyambon ciki. Gorar ruwan ɗumi a mara tana taimakawa, motsa jiki ma haka.

Daga nan sai magungunan homon, wato masu aiki a kan sinadaran jiki da ke juya al'ada, kuma a nan ne rigima take a gidajenmu, dan yawancinsu su ne dai na tazarar haihuwa, ƙwayoyin sha na kullum, allurar wata uku, ashanar hannu, robar mahaifa mai homon irin Mirena, da ƙwayoyi irin su dayanojes da aka yi musamman dan wannan cutar. Aikinsu su kwantar da al'adar ko su tsayar da ita, naman ya rasa abin da ke hura shi. To ka ce wa uba a Katsina likita ya rubuta wa ɗiyarsa budurwa ƙwayar tsarin iyali, ai sai inda ƙarfinka ya ƙare. Na fahimci tsoron, amma a nan magani ne kamar kowane magani, ba ya lalata tarbiyya, ba ya kashe mahaifa, in an daina haihuwa na dawowa, sai dai allurar wata uku kan ɗan ja lokaci har watanni kafin abubuwa su daidaita, shi ya sa wadda bikinta ya kusa gara ta faɗa wa likita ya zaɓa mata wani. Jinin da bai zo ba kuma ba taruwa yake a ciki ba yanda ake faɗa, shimfiɗar ce ba ta yi kaurin da za ta zube ba. Wasu kan samu ɗigon jini a watannin farko, wanda ke rikita mace kan sallah da azumi, wannan a tambayi malamai hukuncin istihala a kuma faɗa wa likita, ba dalilin yar da maganin ba ne. Mai hawan jini ko ciwon kai na ɓari ɗaya ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba kowace ƙwaya ce ta dace da ita ba, dan haka ba abin saye a kyamis bisa shawarar ƙawa ba ne. In waɗannan sun gaza akwai allurai masu ƙarfi irin Zoladex da ke sa jiki ya zama kamar na wadda ta daina al'ada na ɗan lokaci, suna aiki amma suna kawo zafin jiki da zufa kuma suna rage ƙarfin ƙashi, shi ya sa ba a cika wuce wata 6 ba sai an haɗa da wani maganin kariya, ga kuma tsada.

Tiyata na shigowa in magani ya ƙi, ko ƙullutun ya girma, ko hanji da bututun fitsari sun kamu. Ana iya ƙona naman ko a yanke shi, kuma ga mai nutsewa bambancin kamar na manomin da ya sassabe ciyawa ne da wanda ya tumɓuke ta da saiwa. Ko an yi aiki mai kyau tana iya dawowa, ƙididdiga na nuna wajen 4 zuwa 5 cikin 10 a cikin shekara 5, shi ya sa ake ɗora wadda ba ta neman ciki a kan homon bayan aikin. Kuma duk yankan da aka yi a gidan ƙwai yana rage ƙwan da ke ajiye, dan haka yarinyar da ba ta haihu ba kada a yi ta buɗe ta a kai a kai, a nemi wanda ya ƙware tun a karon farko. Cire mahaifa gaba ɗaya matakin ƙarshe ne ga wadda ta gama haihuwa, kuma ko shi ba tabbas ba ne in an bar naman da ke waje.

Haihuwa ita ce abin da ya fi tsorata mutane, to a sani kusan kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu cutar ne ke samun wahalar ɗaukar ciki, ma'ana rabi ko fiye suna haihuwarsu. Wadda ta samu jinkiri kuma akwai hanyoyi, aikin cire naman da warware mannewar kan taimaka a matakan farko, akwai taimakon ƙwai da magani, akwai dashen IVF, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a waje a dasa a mahaifa, duk da kuɗinsa ba na kowa ba ne. Magungunan homon dai ba sa ƙara damar ciki, kada a ɓata shekaru a kansu in cikin ake nema, kuma a gwada maigidan shi ma tun farko dan kada a ɗora komi a kanta. Maganar "in kin yi aure zai daina" ko "in kin haihu zai bari" kuwa, abin da ke cikinta shi ne ciki da shayarwa na tsayar da al'ada sai ciwon ya lafa, da yawa kuma yana dawo musu bayan yaye. Aurar da yarinya dan a yi mata maganin ciwon mara na iya zama jefa ta cikin wancan zafin na kwanciya da na faɗa, ba tare da an shirya ta ba balle mijin.

Akwai haɗari guda da nake gani yana ƙaruwa, allurar fenta (fentazosin) da taramol, masu kashe ciwo amma jiki na kamuwa da su. Yarinya ta sha wuya wata rana a yi mata fenta ta ji duniya ta yi mata daidai, wata mai zuwa ita da kanta za ta nema, kafin a farga ba sai wata ya yi ba ma, cinyoyi duk sun yi tauri da gyambo, a koma ana zagin ta 'yar ƙwaya bayan ciwon da ba a kula da shi ba ne ya kai ta. Wadda ta kai nan tana buƙatar a yi maganin abu biyun tare. Haka damuwa da ƙuncin rai da ciwon shekaru ke haifarwa, shi ma abin faɗa wa likita ne.

Kafin zuwa asibiti, ta samu ɗan littafi ko ta buɗe wuri a wayarta ta riƙa rubutawa na wata biyu ko uku, ranar da ciwon ya fara da ranar da jini ya zo, inda ke ciwon, ko ya hana ta makaranta ko girki, audugar mata nawa take canzawa a yini, mi ta sha kuma ya yi aiki ko bai yi ba, da batun bayan gida da kwanciya in matar aure ce. Ta tafi da duk tsofaffin takardun sikanin, in kunya za ta hana ta magana ta miƙa littafin kawai ko ta nemi likita mace, kuma ta tambaya kai tsaye ko wannan zai iya zama endometiriyosis. Mai inshorar lafiya ta jiha wato KATCHMA ko ta tarayya ta tambayi abin da katinta ya ɗauka kafin a rubuta gwaje-gwaje. Amma in ciwo ya zo farat ɗaya mai tsanani a gefe guda da amai ko jiri ko suma, ko numfashi ya sarƙe lokacin al'ada, ko an yi ɓatan wata sannan ciwon ya taso, wannan ba na jiran littafi ba ne, ƙullutun na iya fashewa ko ya murɗe ko kuma ciki ne a wajen mahaifa, a nufi sashen gaggawa a daren.